Gaisuwar da Ta Tsaya a Tsohon Gidan Waya

Rana ta yi ja, na riga na rataya jakata zan tafi gida, sai wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ba ya kirana don ya ji lafiyata, wannan na daɗe da sani. In na ga sunansa a wayata, to wani abu ne ya lalace.

"Injiniya, layinku ya fara rashin mutunci," ya ce. "Tun la'asar ba na ganin sito. Kyamarori sun ɗauke, wayar tebur ba ta shiga. Ga Auta can shi da motar kaya suna jira."

"Zan duba."

"Yanzu fa. Ka san Auta ba ya son jira."

Ni ma ba na son jira, amma ba a taɓa tambayata ba.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa, ni ne na tsakiya. Kafin a haifi Auta, ni Yaya yake ɗorawa a gaban kekensa, ni yake kira "ƙanena". Da Auta ya zo aka sauke ni daga keken, sunan ma aka karɓe aka ba shi. Na girma a matsayin "kai", da na yi karatu aka ƙara mini girma na zama "Injiniya". Yaya ya buɗe kamfanin kayan gini, ofis a cikin gari, sito a bayan gari, ya ɗora Auta a kan siton. Ni kuwa ina aiki a wani kamfani mai ba da hayar layin sadarwa. Ranar da suka so haɗa ofis da sito ne aka tuna akwai wani a gida mai wannan sana'a. Kishin Auta nake yi, tun yana cikin zani nake yi, kuma ban ga abin ɓoyewa a ciki ba.

Aikin da na yi musu yana buƙatar ɗan bayani. A kowane gini akwai wani akwatin ƙarfe da wayoyin kwamfuta suke haɗuwa a jikinsa, suwic muke ce masa. Yana da ƙofofi a jere, kowace da 'yar fitilarta. Halinsa irin na maƙwabci mai yawan gaisuwa ne. Bayan kowane ɗan lokaci sai ya leƙa ta ƙofa ya ce, "Ni ne wane, ina nan." Wanda yake ɗaya bakin wayar sai ya rubuta sunan, ya fara ƙirge daga sama zuwa ƙasa. In wata gaisuwar ta iso kafin ƙirgen ya ƙare, ya koma farko. In ba ta iso ba, ya goge sunan kamar bai taɓa sanin mai shi ba.

Matsalar ita ce wannan gaisuwa ba ta tsallake kowa. Suwic ɗin da ya fara jin ta shi ne yake riƙe ta, a nan ta mutu. Tsakanin ofishin Yaya da siton Auta kuwa duk na'urorin kamfaninmu ne. Don haka muke yin dabara. Da gaisuwar ta shigo ƙofarmu sai a sa ta a ambulan, a canza adireshin da ke bayanta. Namu na'urorin sai su ɗauka kaya ne kawai, su yi ta miƙa wa juna ba wanda ya buɗe. A can ƙarshe a yage ambulan ɗin a ba mai ita. Da haka ofis da sito suke ganin kamar katanga ɗaya ce a tsakaninsu. Rami muke kiran wannan a wurin aiki.

Ni na haƙa musu ramin, ba a fi 'yan makonni ba. Dokar ofishinmu ita ce a sa wa na'ura lamba, ba sunan mutum ba. Yaya ya ce shi lambobi ciwon kai suke sa shi, a rubuta YAYA a ta ofis, AUTA a ta sito. Da hannuna na buga. Ina bugawa zuciyata tana tafasa. Su biyu za su riƙa gaisawa dare da rana ta cikin gidana, kuma ni ne na tsara yadda ba zan ji ba.

Layin Yaya yana shiga namu ne a tsohon gidan waya, wani gini da aka watsar tun da wayar hannu ta zo. Kamfaninmu ya kama ɗaki guda a ƙasan ginin. Can na nufa.

Na isa ana kiran sallar magariba daga nesa. Jemagu suna fitowa ta tagogin sama waɗanda gilasansu suka fashe. Maigadi yana tsugune a bakin famfo yana alwala, tsoho ne da ya fi ƙofar ginin daɗewa a wurin.

"Injiniya, da magaribar nan?"

"Aiki ne, Baba. Ba zan daɗe ba."

Ya miƙo mini makulli da jiƙaƙƙen hannu. "To in ka sauka ka yi magana. Ko halo ce ka ce."

"Da wa?"

"Matan da suka yi aikin haɗa kira a nan, babu wadda take zama a kujera ba ta ce halo ba, ko da babu kira. Haka na tarar suna yi. Ban tambaya ba."

Na yi dariya, na ce masa ni gaisuwata ba ta da kasuwa ko a gidanmu. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki dardumarsa ya fita.

Matakalar tana warin kashin jemage da tsohuwar roba. A ƙasa kuma warin ruwan batir ne yake fara tarbar mutum. Kafin ka kai ɗakinmu sai ka ratsa zauren da matan suka yi aiki. Har yanzu dogon allon katakon yana nan, cike da ƙananan ramuka, igiyoyi suna reto a jikinsa. Kujeru a jere, ƙura ta yi musu riga. A da duk maganar da aka yi a garin nan ta waya sai ta bi ta wannan zauren. Yanzu ko ɓera ba ya motsi a ciki.

Na ratsa ban ce komai ba.

A ɗakinmu akwai sanyi da ƙugin fankokin na'ura. Na kunna fitila, na jawo kujerar roba, na haɗa kwamfutata da suwic ɗinmu. Fitilar ƙofar Yaya koriya ce, waya ba ta tsinke ba ke nan. Na duba ramin. Ambulan suna zuwa daga wajen Auta, ɗaya bayan ɗaya, lafiya ƙalau. Amma babu ko ɗaya da take fita zuwa wurin Yaya. Suna shigowa ɗakin nan, suna ɓacewa. In gaisuwa ta rikice haka, na'ura takan tsorata ta rufe hanya, shi ya sa kyamarori suka ɗauke.

Na shiga suwic ɗin Yaya ta kwamfutata, tun da mabuɗin sirrinsa yana hannuna. Na ce ya nuna mini maƙwabtansa.

AUTA yana nan, ƙirgensa yana sauka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan ƙirge cikin 'yan mintoci yake ƙarewa. Tun la'asar ya kamata a ce sunan ya goge. Amma ga shi yana sauka a hankali, kamar yaron da yake lasar alewa don kada ta ƙare.

A ƙarƙashinsa akwai layi na biyu.

Maƙwabci ne, amma wurin sunansa fili ne. Ƙirgensa cike yake, ba ya motsi. Ƙofa ɗaya suke shi da Auta.

Na goge tabarau na sake dubawa. Yana nan.

Sai na ji wani ƙas daga zaure. Ƙaramar ƙara ce, irin ta an cusa kan igiya a rami. Na tsaya da numfashi. Wani ƙas ɗin ya biyo baya, sannan kujera ta yi kukan tsohon ƙarfe, kamar an zauna a kanta.

"Baba?" na ce.

Fankoki kawai suke ƙugi.

Wayata ta yi ƙara a kan cinyata, na zabura har gwiwata ta bugi kabad ɗin ƙarfen da na'urorin suke ciki. Yaya ne.

"Kana ina?" Muryarsa a sake take, ba irin ta ɗazu ba.

"Ina gidan waya, ina duba maka layin."

"Wane layi kuma?"

"Na sito mana. Ka ce Auta yana jira."

Ina jin ƙarar fanka a inda yake.

"Wa?"

"Auta, Yaya."

"Wane Auta? Sabon direban nan?"

Na ɗauka wasa ne, sai na tuna Yaya ba ya wasa da ni. Na dubi kwamfuta. Ƙirgen ya wuce rabi.

"Autanmu," na ce. "Ƙanenmu. Wanda yake riƙe maka sito."

Ya yi dariya. "Kai, gajiya ta yi maka yawa. Ni ina da wani ƙane bayan kai? Bar aikin nan ka zo gida mu ci abinci tare. Rabona da in zauna da kai har na manta." Ya ɗan tsaya. "Ka tuna keken nan nawa? Ɗazu ya faɗo mini a rai. Yadda kake riƙe ƙararrawa kana hana ni bugawa."

Tsoro ya kama ni, gaskiya ne. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin tsoron, mai ɗumi, wanda ya bi jikina har yatsun ƙafa. Daɗi ne. Shekara da shekaru nake jiran wannan muryar.

"Zan kira ka," na ce, na kashe.

Fitilar ɗakin ta yi ƙasa, ta dawo. Warin batir ya ƙaru. Wani wari ya shigo tare da shi, na tsohuwar wayar tebur wadda bakuna da yawa suka yi magana a cikinta.

"Halo."

Ba daga zaure ba ne. Daga bayan kabad ɗin ne, inda babu wurin da mutum zai tsaya. Murya ce siririya, mai ƙarar ƙasa-ƙasa kamar ta layin nesa. Ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba.

Na karanta abin da ya zo bakina.

"Ka ratsa zaurena," in ji muryar. "Ba ka ce komai ba."

Muryar ta ci gaba.

"Duk garin nan ta kaina yake magana a da. Masu kuka, masu ciniki, masu ƙarya. Ina ji. Suka tafi. Matan ma suka tafi." Wani ƙas ya zo daga zaure. "Sai akwatin yayanka. Kullum yana leƙowa yana cewa ina nan, ina nan. A nan take tsayawa. Tawa ce."

Na gane. Kafin in haƙa ramin, gaisuwar ofishin Yaya a ɗakin nan take mutuwa.

"Ka zo ka naɗe ta," ta ce. "Ka wuce da ita ta kaina. Ka kai wa yaron can."

"Aiki ne aka sa ni," na ce.

"Na sani. Ina kallonka ranar. Ina jin abin da zuciyarka take cewa." Muryar ta matso, na ji sanyi a bayan kunnena. "Kai ma na tsakiya ne."

Ban juya ba. Idona yana kan ƙirgen.

"Kada ka yi komai," ta raɗa. "Ka zauna kawai. Saura kaɗan."

Na zauna.

Ba zan ce an ɗaure ni ba. Hannuwana suna kan cinyata, babu abin da ya riƙe su. Ina kallon lambar tana sauka, ina tunanin teburin Yaya, da kujerar da ke kusa da tasa wadda Auta yake zama a kai. Na yi ƙoƙarin tuno fuskar Auta. Na samu goshinsa da kunnuwansa. Tsakiyar ta ƙi zuwa.

Wayata ta sake ƙara. Lamba ce tsirara, babu suna, ko da yake na san na taɓa adana ta.

"Yaya ƙarami."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka. Muryarsa tana zuwa daga nesa, tana yankewa.

"Yaya ƙarami, don Allah kada ka kashe. Leburori suna wuce ni kamar ba su gan ni ba. Direba ya ce in fita masa daga sito. Na kira matata, ta ce wa ke magana." Ya ja numfashi. "Na kira Yaya babba. Ya ce in daina damun mutane."

"Sai yanzu ka tuna da ni," na ce. Wallahi abin da na ce ke nan.

"Kai na fara kira. Ba ta shiga ba. Lambarka ce kaɗai na haddace, tun ina makaranta. Ka san ni ko? Ce mini ka san ni."

Kafin in amsa, layin ya mutu.

Fankokin suka rage gudu. Ɗakin ya yi tsit har ina jin bugun jinina. Wayar ta sake haske, Yaya ne. Na danna, maganar ta fito a fili.

"Ka taho kuwa? An zuba abinci." Sai ya faɗi kalmar. "Ƙanena."

Na buɗe baki.

"Na'am, Yaya," aka ce daga bayana.

Da muryata aka faɗa. Har da 'yar shaƙewar da nake yi in na gaji.

"Yawwa," in ji Yaya. "Yi sauri." Ya kashe.

Na dubi kwamfuta. A layin da babu suna, wani abu ya fara bayyana, baƙi-baƙi, kamar tawada tana tsattsafowa ta bayan takarda.

"Ni ya kira," na ce.

"Mu ya kira," in ji muryar. "Za mu raba. Ai ka saba."

A nan ne tsoron ya ja baya, wani abu da ya girme shi ya miƙe. Tun ina yaro nake raba Yaya da Auta, ban taɓa yafewa ba. Amma Auta jinina ne. Ni na goya shi ranar da ya taka kwalba, ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. In akwai mai haƙƙin jin haushinsa a duniya, ni ne. Ba wani abu mai warin batir da yake zaune a bayan kabad ba.

Na jawo kwamfutar. Na rufe ƙofar Yaya, na buɗe. Ambulan ta zo, ta ɓace. Na rushe ramin, na sake gina shi. Ta zo, ta ɓace. Na zare wayar na mayar da ita wata ƙofar, yatsuna suna zamewa don gumi.

Ta zo. Ta ɓace.

Aka yi dariya, irin ƙarar da waya take yi in ruwa ya shige ta.

"Duk ƙofofin nawa ne."

Ƙirgen ya kusa ƙasa.

"Me kake so?" na ce.

"Ba zan koma shiru ba."

"Me kake so!"

"Gaisuwa ɗaya. Ta tsaya a nan. Kada ta wuce." Sanyin ya zagayo gabana, ban ga komai ba, amma fitilun suwic suka dusashe kamar wani ya tsaya a tsakaninmu. "Ta mai rai. Na ɗanɗana, ba na son ta lamba kuma. Tasa, ko ta wani."

A jakata akwai ƙaramin suwic na gwaji, bai fi tafin hannu biyu ba. Na zazzage jakar a ƙasa. Na jona shi da wuta. Yana ɗaukar lokaci kafin ya farka, ban taɓa jin tsawon wannan lokaci ba sai ranar.

Na yi tunanin sunayen mutane. Manajanmu ya zo mini a rai, da maƙwabcina mai kunna rediyo da asuba. Allah ya sani na yi tunaninsu.

Fitilarsa ta kama. Suwic ɗin ya tambaye ni suna.

Na buga nawa. Sunana na yanka, wanda mahaifiyarmu kaɗai take kirana da shi.

Na cusa wayarsa a ƙofar da babu kowa. Ban yi mata rami ba, ban sa mata ambulan ba.

Fitilar ta yi ruwan lemo.

Ta daɗe a haka.

Ta koma kore.

Wani dogon numfashi ya fita daga bayan kabad, irin na wanda ya sha ruwa bayan ƙishi. Aka kira sunana a hankali, ana juya shi a baki. Wani abu ya fita daga ƙirjina, ba zafi, kamar an zare zare daga riga.

Na dubi kwamfuta. Ƙirgen AUTA ya yi tsalle ya koma sama. Layin da babu suna ya ɓace.

Ban tsaya kwashe kaya ba. Na rungumi kwamfutar na fita. A zaure duk igiyoyin allon suna lilo, kuma babu iska. Kujerun da na bari suna kallon allo, yanzu duk ƙofa suke kallo. Na runtse ido na ranta a na kare. A matakala na faɗi, na tashi, na bar takalmi ɗaya.

"Halo," aka ce a bayana, a hankali, cikin jin daɗi. "Halo. Halo."

Na faɗo waje. Duhu bai gama rufewa ba, akwai sauran ja a gefen sama. Maigadi ya dawo daga masallaci, yana naɗe darduma. Da ya gan ni sai ya ɗauki sandarsa.

"Kai! Wane ne kai? Ta ina ka shiga?"

"Baba, ni ne. Injiniya. Kai ka ba ni makulli."

Ya ƙura mini ido. Sai fuskarsa ta saki. "Af, Injiniya! Tsufa ya fara taɓa ni." Ya dubi ƙafata mara takalmi, ya dubi ƙofar ginin. Ya karɓi makullinsa bai ƙara tambaya ba.

A mota na kira Yaya. Sai da na gaya masa wanda yake magana.

"Oho, Injiniya. Layi ya dawo, ga Auta ina ganinsa a kyamara. Yaron nan wai kuka yake yi, ya ce mun manta shi. Shagwaɓar auta dai ba ta ƙarewa." Ya yi dariya. "Sai da safe."

Babu maganar abinci. Babu maganar keke.

A gida matata ta buɗe ƙofa, ta ja mayafinta ta rufe jiki, ta ce, "Wa ake nema?" 'Yata ta ɓuya a bayanta. Na ce, "Ni ne, mijinki." Ta ƙifta ido, sai ta bushe da dariya, ta ce duhun barandar ne. Da safe ma sai da na sake faɗa.

A hankali na gane yadda abin yake. Ina jin kowane mutum yana da wata gaisuwa da take fita daga jikinsa ba da saninsa ba, tana zuwa wurin waɗanda suka san shi, tana cewa ina nan. Shi ya sa ake tuna mutum ko yana wata ƙasa. Tawa ba ta wuce ɗakin nan na ƙasa. In na faɗi ko ni wane ne, a tuna ni sarai, da duk abin da ya taɓa haɗa mu. In na yi kwana ɗaya ban bayyana ba, ƙirgena ya ƙare. Ƙaramin suwic ɗin yana can har yau. Na liƙa masa takarda cewa kada a taɓa, kuma duk lokacin da aiki ya kai ni, tun daga matakala nake fara halo.

Yanzu kullum da safe sai na zaga. In fara da ɗakin mahaifiyarmu, in durƙusa in gaya mata ni ne ɗanta na tsakiya. Sai ta shafa kaina ta ce na fi kowa zumunci a 'ya'yanta. Daga nan in wuce ofishin Yaya kafin in tafi aiki. Akwai ranar da zuciya ta ɗebe ni na ƙi zuwa, na ce bari in ga ko za a neme ni. Ba a neme ni ba. Washegari na tarar an sauke hoton da muka ɗauka mu uku, wai ba a san baƙon da ya shiga tsakiya ba.

Ban ƙara fashi ba. Nakan ƙwanƙwasa, Yaya ya ɗago kai daga takardu, ya dube ni da irin kallon da ake yi wa mai talla. In ce, "Ni ne, Yaya. Wanda kake ɗorawa a gaban keke."

Sai idonsa ya yi haske. Ya miƙe har kujera ta faɗi, ya ce, "Ƙanena!" Ya rungume ni kamar wanda ya ɓata aka tsinto. Kullum haka, kuma kullum sai na ji kalmar har cikin ƙashina. Auta bai san abin da ya faru a ɗakin nan ba, ban kuma gaya masa ba. Shi ma in na faɗa masa ko ni wane ne, yakan riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce bai san dalili ba.

Na samu kalmata, ba na musu. Amma sau da yawa ina zaune a wurin Yaya, shayina bai ko huce ba, sai in ji takun takalmi a baranda. Auta ne. Ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya faɗin sunansa. Turo ƙofa kawai yake yi ya shigo, Yaya ko kai bai ɗago ba ya ce, "Ka iso?"